"Komai nisan dare, gari zai waye": bege ne ko lallashi?

Uwar Tagwaye: Salama gare ku 'yan'uwa. Karin maganar nan, "Komai nisan dare, gari zai waye," ta cika bakin masu wa'azi, har mu a Zumuntar Mata. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabo, duk wanda ya yi kukan kuɗin makaranta ko na asibiti, da ita ake rufe masa baki. Shin abin da take faɗa shi ne begen da Littafi Mai Tsarki yake koya mana, ko dai lallashi ne kawai?

Ɗan Kagoro: Mama, ai wannan a fili yake. Zabura 30:5 ta ce kuka yakan kwana, amma da safe sai murna. Dawuda ya faɗa da bakinsa, Bahaushe ya faɗa da nasa. Ina bambancin?

Tsohon Malami: Ɗana, bi a sannu. Dare yana da iyakar da kowa ya sani, ko yaro ya san in zakara ya yi cara asuba ta kusa. Wahala ba ta da zakara. Ka buɗe Irmiya sura 28 da 29. An kwashe mutanen Yahuza zuwa Babila, sai Hananiya ya miƙe a Haikali ya ce nan da shekara 2 Allah zai karya karkiyar Nebukadnezzar, kowa ya dawo gida. Magana mai daɗin ji. Irmiya kuwa ya aika wa kamammun da wasiƙa cewa shekara 70 za su yi: su gina gidaje, su dasa itatuwa, su aurar da 'ya'yansu, su ma yi wa birnin da ya kama su addu'a. Ayar nan ta 29:11 da muke bugawa a kalanda da bayan mota, wadda take maganar shirin alheri da Allah yake da shi dominmu, a cikin wannan wasiƙar take. Magidanci mai shekara 40 da ya ji an karanta ta ya san a Babila za a binne shi. Hananiya kuma bai ƙare shekarar ba ya mutu. Shi ya sa nake tsoron mai wa'azin da yake sa wa wayewar gari rana.

Ɗan Kagoro: Baba, ai karin maganar ba ta sa rana ba. "Komai nisa" ta ce.

Tsohon Malami: Ita ba ta sa ba, masu faɗarta ne suke sawa. Ba ka taɓa jin "kafin ƙarshen watan nan" daga kan bagade ba?

'Yar Michika: Ku bar ni in sa baki, don mu mun ga abin da idonmu. A 2014 Boko Haram ta ci Michika a jihar Adamawa, a watan Oktoba kuma ta shiga Kwarhi inda hedikwatar EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) take, har shugabannin ekklesiya suka koma Jos na wani lokaci. A gudun nan wannan karin magana ta riƙe mu, ba zan raina ta ba. Tsofaffi suna faɗa mana ita a kan duwatsu, kuma da yawanmu mun dawo gida, mun sake yin sujada a majami'un da aka ƙone. To amma akwai waɗanda ba su dawo ba. Ku tuna Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristocin Nijeriya (CAN) na Michika, da aka sace a watan Janairun 2020. A bidiyon da aka fitar ya ce da yardar Allah zai sake haɗuwa da matarsa da 'ya'yansa, in kuwa hakan bai samu ba, wataƙila nufin Allah ke nan. Ya roƙi mutane kada su yi kuka, su gode wa Allah. A cikin watan aka kashe shi. Wa zai ce ba shi da bege? Amma garin da muke ta addu'a ya waye masa, a nan duniya bai waye ba.

Mai Bishara: 'Yar'uwa, sannu. Allah ya ƙara ta'azantar da ku. Abin da Baba Andimi ya faɗa, shi ne amsar Shadrak da Meshak da Abednego a Daniyel 3: Allahnmu yana da iko ya cece mu, ko da bai cece mu ba kuwa, ba za mu yi wa gunkin sujada ba. Karin maganar ta ɗauki rabin farko ta bar na biyu. Ibraniyawa 11 ta lissafta waɗanda suka rufe bakin zakoki, ta kuma lissafta waɗanda aka jajjefe da waɗanda aka kashe da takobi, duka ta yaba musu saboda bangaskiya ɗaya. Bulus ya ce in don rayuwar nan kaɗai muka sa bege ga Almasihu, mun fi kowa zama abin tausayi. Safiyar da ba mai hana ta zuwa ita ce ta tashin matattu, tunda kabarin Yesu fanko ne.

Ɗan Kagoro: Na ji, Malam. Amma ni digirina na cikin akwati, babur nake haya, haihuwar matata ta kusa. In na zo maka zuciyata a cunkushe ka ce mini sai ranar tashin matattu, ka ƙara mini nauyi ne. Akwai samarin da ke shan ƙwaya yau don sun yanke ƙauna da gobe. Irin su suna bukatar wanda zai ce musu abin nan zai wuce.

Mai Bishara: Ban hana a roƙi sauƙi a nan ba. Yesu da kansa ya koya mana roƙon abincin yini.

Manomin Zonkwa: Ni ba mai dogon karatu ba ne. Abokaina na can arewa suna yin binne: su zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Wata shekara ruwan ya zo kan kari, wata shekara irin ya lalace su sake. Ba wanda ya ba su rana, amma ba sa zama a gindin bishiya suna jira. Abin da nake ƙi da yadda ake faɗin maganar nan ke nan, tana sa wasu su naɗe hannu. Wasiƙar Irmiya da Baba ya kawo ma cewa ta yi a gina, a shuka.

Uwar Tagwaye: Na ƙaru ƙwarai. Saura batun wurin faɗa. An taɓa faɗa wa wata gwauruwa ita a gabana ranar da aka binne mijinta, ta ɗago kai ta kalli mai maganar, ba ta ce uffan ba. Har yau kallon nan yana damuna.

'Yar Michika: Mama, a gidan makoki ba a kai ta ranar farko. Abokan Ayuba kwana 7 suka zauna ba su ce komai ba, sai da suka buɗe baki suka ɓata. A je a zauna, a yi kuka da masu kuka, a ɗora tukunya. Maƙwabciyata Musulma ce, ranar da muka dawo muka tarar da gidanmu toka, kwanon tuwo ta fara kawo mini. Sai bayan makonni ta ce, "Maƙwabciya, komai nisan dare." A lokacin maganar ta shige ni.

Tsohon Malami: Yaƙub 2:15-16 ke nan: kada ka sallami mayunwaci da fatan alheri hannunka wofi. Ɗan Kagoro, yaushe ne haihuwar? Ka gaya wa dattawan majami'arku tun yanzu, kada kunya ta hana ka.

Ɗan Kagoro: Wata mai zuwa ne, Baba, in Allah ya yarda. Zan gaya musu ranar Lahadi. Amma ku yi haƙuri, karin maganar tana rubuce a bayan babur ɗina, kuma ba zan goge ta ba.

Uwar Tagwaye: Bar ta, ɗana. Malam Mai Bishara, ka turo mini ayoyin nan na Daniyel da Ibraniyawa, ni ke da jagorar nazari a Zumunta wannan makon.