OSPF: na ba babbar rauta fifiko 200, amma ƙaramar ce ta zama DR

Sani_Agege:
Assalamu alaikum. Ni ke kula da sadarwar wani kamfanin jigilar kaya a Ikeja. Rauta huɗu muke da su kan suwic ɗaya, duka Cisco, duka suna amfani da OSPF, tsarin da suke musayar labarin hanyoyi da shi, a yanki ɗaya, wato area 0. Babbar na sa mata lambar fifiko da `ip ospf priority 200`, mai bi mata 100, ƙananan biyu na bar su a 1 ɗin da suka zo da shi. Ranar Litinin aka ɗauke wuta, janareto ya yi gardama, manyan biyu suka mutu, ƙananan kuwa suna kan inbata ba su ko girgiza ba. Da wuta ta dawo na buga `show ip ospf neighbor`, sai ga tsohuwar cikin ƙananan a FULL/DR, wato ita ce DR, shugabar da ake zaɓa, 'yar'uwarta BDR, wato mataimakiya, manyan kuma suna kallon juna a 2WAY/DROTHER, wato ba DR ba BDR. Ina amfanin 200 ɗin ke nan? Ko `neighbor priority` ya kamata in sa?

Injiniya_Bala:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Saitinka daidai yake. A OSPF ba a ƙwace kujera. Lambar fifiko tana aiki ne lokacin zaɓe kaɗai: mai babbar lamba ya ci, in an yi kunnen doki a duba router ID, lambar shaidar kowace rauta. Da manyanka suka yi shiru daƙiƙa 40, wato an rasa hello huɗu, saƙon gaisuwar da maƙwabta ke aika wa juna, ƙananan suka yi zaɓensu. Duk wanda ya zo bayan haka, ko 255 gare shi, sai ya jira. Da gangan aka tsara shi haka a takardar ƙa'idar OSPF, RFC 2328 ta 1998, don kada kowace rauta ta farfaɗo a sake ɗaura zumunci daga farko.

2WAY ɗin ma lafiya ce. DROTHER biyu suna tsayawa a gaisuwa kawai, ba sa kaiwa FULL, wato cikakkiyar musayar hanyoyi, a tsakaninsu, kowa DR da BDR yake kai wa labari ta adireshin 224.0.0.6.

Ga gyara: sa wa DR na yanzu fifiko 0. BDR za ta hau, mai 200 ta zama BDR. Sai ka sa wa ɗayar ƙaramar 0 ita ma, mai 200 ta hau, mai 100 ta biyo ta. Ka bari sai dare, don hanyoyi za su ɗan katse.

Maryam_IdiAraba:
Injiniya, a yi hattara da sifilin nan. In ƙananan duka suna 0 kuma manyan suka sake mutuwa tare, babu mai zama DR. Za su tsaya a 2WAY, ba za su yi musayar hanyoyi ta wannan suwic ɗin ba, alhali ranar Litinin su suka riƙe ofis. Kuma Malam Sani, DR ba ita ke ɗaukar lodin bayanai ba, labarin hanyoyi take rarrabawa. Ga rauta huɗu wannan ba wani nauyi ba ne. Ni dai matsalar wuta nake gani.

Injiniya_Bala:
Gaskiyarki Hajiya. Batun `neighbor priority` kuwa, na layin NBMA ne irin Frame Relay, inda ake rubuta maƙwabta da hannu. A Ethernet ba ka buƙatarsa, lambar da ke cikin hello ɗin maƙwabciya ita ake ƙirgawa.

Sani_Agege:
Allah ya saka da alheri. Tsohuwar ita ke damuna, domin takan sake kunna kanta haka kawai, ba na son ta riƙe komai. Ita zan bari a 0 daren Asabar. Ɗayar zan sauke ta zuwa 0 har manyan su hau, sannan in mayar da ita 1. Na rubuta wa oga a ɗora mai 200 ɗin kan inbata, gobe zan leƙa kasuwar Computer Village in ji kuɗin batir.