Gwaje-gwajenmu na atomatik suna jan ƙafa, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ba da gudummawa a wata buɗaɗɗiyar manhaja mai aiki da QEMU, wato manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin wata kwamfuta. Kowane gwaji sai ya tayar da kwamfutar kwaikwayo daga farko, ga shi sabarmu ba ta da KVM (fasahar Linux da ke hanzarta kwamfutar kwaikwayo), komai a kan TCG (hanyar QEMU ta fassara umarni da manhaja, mai jinkiri) yake tafiya. Tsawon jira ya sa wasu sun fara turo gyara ba tare da gwaji ba, wannan ne ya fi damuna.

Na koma faifan qcow2 (tsarin faifan kwaikwayo na QEMU) mai dogaro da faifan tushe guda, yana ajiye canje-canje kawai, lokacin kwafi ya ragu, amma na tayarwa yana nan. Da na haɗa gwaje-gwajen lokaci guda, sai suka riƙa karo a tashar sadarwa ɗaya.

Shin amfani da savevm da loadvm (umarnin QEMU na adana yanayin kwamfutar kwaikwayo da dawo da shi) zai taimaka, ko zai ɓoye kurakuran tayarwa? Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya ba ni haske.