Don Allah shawara: in bi binciken ƙwaƙwalwa ko in riƙe kemis ɗin Baba?

Ɗan Gummi: Salam 'yan uwa, kaina ya ɗau zafi wallahi. Na karanta bayokemistiri na gama bautar ƙasa bara, Baba shina son in riƙe mai kemis ɗinshi nan Gummi, ni ko abin da nika so bincike kan sinadaran da ƙwaƙwalwa ka aika saƙo da su da risefta, wato gurbin da suka sauka jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Sanadi ƙanena ne, tiramadol ta kama shi tun yana aji biyar, ran nan ya faɗi bakin rijiya yana shure-shure kumfa na fita Inna na shafa mai tofi, kowa na cewa iskoki ne. Daga baya na karanta cewa ƙwayar kan risefta ɗaya da mofin (maganin kashe zafin ciwo da aka samu daga ofiyam) taka zama, tana kuma hana ƙwaƙwalwa ta kwashe serotonin, ɗaya daga sinadaran aika saƙon nan, kuma tana kawo farfaɗiya. Tun sannan ban da sukuni. Mi zan yi?

Dakta na Birnin Kebbi: Ƙanena fita waje kawai, kar ka tsaya wata-wata. Candace Pert ɗaliba ce sadda ita da Solomon Snyder sunka gano riseftan ofiyam a 1973, amma a Johns Hopkins ta Amurka, ba inda NEPA ka ɗauke wuta ba. Nemi tallafin IBRO, ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya. Da wane aji ka fita?

Maman Iman: Hmm wuta dai. Ni da na yi mastas, firiza ta narke cikin yajin aiki, samfurin ƙwaƙwalwar ɓeraye na wata bakwai duk ya ruɓe, supabaiza ko sannu bai ce ba. Yau atamfa nika saidawa alhamdulillah.

Ɗan Anka: Wane irin waje Dakta? Gubar dalma ta 2010 a Anka da Bukkuyum yara sama da 400 sunka rasu, dalma na toshe wani riseftan ƙwaƙwalwa mai suna NMDA da ake koyo da shi, waɗanda sunka rayu sun girma yanzu wa ka bin su? Aiki na gida. Ga BioRTC, cibiyar binciken kimiyyar lafiya can Damaturu, suna horas da mutane.

Dakta na Birnin Kebbi: Horon sati biyu ba digiri ba ne. Na faɗa na ƙara, waje.

Baba Alhaji: Yaro, mahaifinka na raye ka riƙe mai shago ka nemi albarka. Boko ba ya gudu.

Ɗan Gummi: Baba Alhaji Allah ya ƙara girma, ba ƙin Baba nika yi ba, amma kullum sai matasa sun zo neman kodin da an hana tun 2018, ban iya zama nan. Dakta waje kuma ban barin Inna da yaron ga.

Dakta na Birnin Kebbi: To shawarar mi kaka nema? Har yanzu ba ka faɗi ajin da ka fita da shi ba.

Maman Iman: Ni dai in za ka yi, fara tambaya ko lab ɗin na da sola.