Kayan gyaran kicin: wanne ke jure ruwa da zafi?

Uwargida: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawara a kan kicin mai faɗin mita 3 da tsawon mita 4 da za a yi wa kabad da kanta (teburin aikin girki) da tayil. A saman kanta, giranit ya fi ko kwaz? Kabad ɗin kuma da wane katako za a yi?

Malam Kafinta: Wa alaikumus salam Hajiya. A fara da kabad, don shi ne ke riga komai mutuwa. Jikin kabad a yi shi da filawud (falle-fallen katako da aka manne da juna) mai kaurin milimita 18. MDF yana da kyau a ƙofofi saboda fuskarsa sumul ce kuma yana karɓar fenti, amma garin katako ne aka matse da gam. Da zarar ruwa ya shiga ta bakinsa sai ya kumbura, kuma ko ya bushe ba ya komawa yadda yake. Saboda haka kabad ɗin ƙarƙashin sinki sai filawud mai jure ruwa, a shafe duk inda zarto ya yanka da banish ko silikon, har da ramukan da aka huda wa bututu. A nan yawancin masu aiki ke ha'inci, don ba a gani. Kada kuma katako ya zauna a ƙasa kai tsaye. A ɗora shi a kan ƙafafun roba masu tsawon santimita 10 zuwa 15, yadda ruwan goge-goge ba zai taɓa shi ba.

Mai Dutse: Kwaz nake ba ki shawara, Hajiya. Kusan kashi 90 cikin 100 nasa niƙaƙƙen dutse ne, sauran gam ne da launi, don haka ba ya shan mai ko ruwa, ba ya buƙatar a shafa masa maganin hana shan ruwa. Giranit kuwa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, musamman mai haske.

Injiniya: Malam Mai Dutse, ka faɗi gaskiya amma ka bar rabi. Wannan gam ɗin shi ne rauninsa. A sauke tukunya daga wuta a ɗora a kan kwaz kai tsaye, sai ta bar zobe rawaya wanda ba ya goguwa, don ƙuna ce ba datti ba. Idan kuma rana na dukansa ta taga kullum, farin yakan juye zuwa rawaya a hankali. A kicin ɗin da ake girki sosai safe da dare, ni giranit mai duhu nake zaɓa. Batun shan mai kuwa yana da gwaji mai sauƙi: a zuba ɗan ruwa a kan dutsen a bar shi minti 15 a goge. Idan wurin ya yi duhu, yana buƙatar maganin toshe ƙofofin. Ana shafa shi a bar shi ya shiga, a goge ragowar kafin ya bushe, in ba haka ba zai bar hazo a kai. A riƙa maimaita gwajin duk shekara.

Kuma duk wanda aka zaɓa, a tabbata da ruwa ake yanka shi, ba a bushe ba. Ƙurar kwaz tana lalata huhun masu yanka, lalacewar da ba ta warkewa. Wannan ne ya sa Ostireliya ta haramta aiki da shi tun 1 ga Yuli 2024. Wanda aka riga aka girka ba ya cutar da mai gida, amma rayuwar mai yankan ma abin dubawa ce.

Mai Dutse: Na yarda da batun zafi, Injiniya. Sai dai ƙyalle ko faifan katako a gefen murhu ya magance wannan. Inda dai muka haɗu shi ne dutsen mabul: kada a sa shi a kan kantar. Duk wani abu mai tsami yana cin fuskarsa, ya bar tabo marar sheƙi cikin 'yan mintoci, kuma shafe ba ya hana wannan. Kaurin dutse santimita 3 ya fi. Idan mai santimita 2 ne, a shimfiɗa filawud a ƙarƙashinsa, kuma kusurwoyin ramin sinki a zagaye su, don daga kusurwa mai kaifi tsagewa ke farawa.

Uwargida: Na gode ƙwarai. To awon fa, Injiniya?

Injiniya: Tsayin kanta santimita 90, zurfi 60. Amma a auna mai girkin: kantar ta kasance ƙasa da gwiwar hannunta da kamar santimita 10 zuwa 15, in ba haka ba ciwon baya ko na kafaɗa. Tsakanin kanta da kabad ɗin sama 50 zuwa 60. Tsakanin kanta biyu masu kallon juna kada ya gaza mita 1, in mutum biyu ke aiki 1.2. Na'urar zuƙe hayaƙi ta yi sama da murhun gas da santimita 65 zuwa 75, bututunta mai faɗin santimita 15 ya fita waje ta gajeriyar hanya. Wadda ba ta da bututu tana tace maiƙo da wari ne kawai, tururin yana nan cikin ɗakin, kuma shi ne ke ɗaga fatar ƙofofin kabad ɗin sama. Soket kuma a tsara wurarensu kafin a manna tayil, nesa da sinki da murhu.

Mai Tayil: A ƙasa a sa tayil ɗin fosilin marar sheƙi. Ruwan da yake sha bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba. A duba kwalinsa, a ga an rubuta R10, wannan ma'aunin rashin santsi ne. Mai ƙyalli yana da kyau a ido, amma ɗigon mai ɗaya ya isa ya kayar da mutum riƙe da tukunya.

Babbar matsala tana wurin mannawa. Wasu sukan ɗiga gam dunƙule biyar a bayan tayil su danna. Sauran wurin duk iska ce, ranar da wani abu mai nauyi ya faɗo sai ya tsage. A yi amfani da cokalin magini mai haƙora na milimita 10 zuwa 12 ga tayil 60 da 60, a ja gam ɗin layi-layi ta fuska ɗaya, a kuma shafa siriri a bayan tayil ɗin. Bayan ya bushe a bi ana ƙwanƙwasawa da bayan sukundireba. Duk wanda ya yi ƙara kamar ganga a cire shi tun kafin a cike tsakani. A bar tsakani milimita 2 zuwa 3, kada a haɗe su bakin-da-baki. A saya da ƙarin kashi 10 cikin 100, duka masu lambar gashi ɗaya, don launi yakan bambanta daga gashi zuwa gashi ko da sunan ɗaya ne.

Malam Kafinta: Ƙari a kan na Mai Tayil: layin da kanta ta haɗu da tayil ɗin bango, kada a cike shi da siminti. Kabad yana motsi kaɗan, bango ba ya motsi, simintin zai tsage ruwa ya riƙa bi ta bayan kabad ba a sani ba. Silikon mai hana fumfuna ake sawa a wurin. Haka nan kabad ɗin ƙasa, durowa ta fi ƙofa amfani, don ana jawo komai waje maimakon durƙusawa. A nemi layin durowa (ƙarfen da take zamewa a kai) mai fitowa gaba ɗaya, mai ɗaukar kilo 30 zuwa 40.

Hajiya Mai Zane: 'Yar'uwa, kicin mai wannan girman kada a cika masa launi. Kabad ɗin sama mai haske, na ƙasa ya ɗan fi duhu, sai dutsen ya haɗa su. Baƙar ƙofa mai sheƙi tana nuna kowane yatsa da ya taɓa ta. Fentin bango ya zama mai ɗan sheƙi da ake iya wankewa, kuma sabuwar filasta a bar ta kamar mako 4 ta bushe, in ba haka ba fentin zai yi ƙuraje ya ɓare. Ƙwan lantarki ɗaya a tsakiyar silin ba ya isa, don inuwar mai aiki ce ke faɗawa a kan abin da take yankawa. A sa igiyar fitilar LED a ƙarƙashin kabad ɗin sama, ta bakin gaba ba ta jikin bango ba, mai launin haske 3000 zuwa 4000K (K ma'aunin launin haske ne). Kafin a yanke hukunci a kawo guntun dutse da na ƙofa da tayil ɗaya, a jera su a cikin kicin ɗin a duba da rana a kuma duba da dare.

Uwargida: Allah ya saka da alheri. Saura sinki.

Mai Famfo: Amin Hajiya. Ƙarfe marar tsatsa mai lamba 304, kauri daga milimita 1 zuwa sama. Siriri yana lotsewa kuma yana ƙara. Kada a bar bilic ya kwana a ciki, yana huda shi ƙanana-ƙanana. Bututun fitar ruwa ya gangara santimita 2 a kowace mita, da lanƙwasar da ke riƙe ruwa don hana wari dawowa. Kafin a sallami mai aiki, a cika sinkin taf, a shimfiɗa busasshiyar takarda a cikin kabad ɗin, a saki ruwan gaba ɗaya. Idan akwai yoyo a mahaɗa, takardar za ta nuna.