Daga ina zan fara tarihin mai bincike mai zaman kansa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta kundin digirina a kan mai binciken laifi mai zaman kansa a ƙagaggun labaran Ingilishi, amma mako uku ke nan babi na biyu ya ƙi tafiya.

Na fara da Sherlock Holmes, wanda Conan Doyle ya fito da shi a 1887. Sai malamina ya ja jan biro a gefen takardar: ina Dupin? Gaskiyarsa, marubuci Edgar Allan Poe ya riga Conan Doyle, domin tun 1841 ya ƙago nasa mai binciken, wato Dupin. To amma Poe Ba'amurke ne, Dupin kuma Bafaranshe mazaunin Paris. Ya zan sa shi a asalin gwarzon Ingila?

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, 'yan sandan Landan sun kafa sashen bincike tun 1842, duk da haka marubuta suka ɗora basira a kan mutumin da ba ya cin albashin gwamnati, a labaran Holmes ma, Sufeto Lestrade na 'yan sandan Landan ne ke zuwa gidan Holmes neman shawara. Rashin yarda da hukuma ne, ko fifita mai ilimi ɗan babban gida?

Don Allah wanda ya nazarci wannan fanni ya nuna min bakin zaren. Ƙarshen wata zan miƙa babin.