Musayar waƙa: Baki ya yi tsatsa

Mai_Alƙalami:
Salam 'yan uwa, jiya mun zauna mu biyar kusan awa guda ba wanda ya ce uffan, kowa na ta latse-latse har ni ɗin ma ban fita ba, shine na ce bari in jefo wannan mai iyawa ya amsa.

Mu biyar muka zauna ɗaki ɗaya,
Kowa ya sunkuya kan waya,
Na kusa an mai da shi can baya,
Da na nesa ake ta dariya.

'Yar_Auta:
Haba Yaya, komai waya komai waya. A 2020 lokacin kullen korona in ba don WhatsApp da Zoom ba wa za ka gani?

Yaya a yi wa waya adalci,
Ita ke riƙe mana zumunci,
Mai kunya ta cire masa ƙunci,
Ya faɗi nasa cikin mutunci.

Tsohon_Malami:
Ɗiyata ban ƙi batunki ba,
Amma saƙo bai kai ido ba,
A catin ka goge in bai yi ba,
Zarar bunu ko ba mai komawa ba.

Labarin zuciya na kan fuska,
Murya da ido su ke haska,
Emoji kam bugun iska,
Mai kuka ma dariya yake turawa.

Kuma abin nan ba wasa ba ne fa, Birtaniya sai da ta naɗa minista sukutum kan matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021, sannan a 2023 babban likitan gwamnatin Amurka Vivek Murthy ya fitar da gargaɗi cewa illar rashin cuɗanya da mutane ta kai ta shan sigari har kara 15 a rana. Ga abokai dubu a Facebook ga ba wanda za ka zauna da shi.

Shiru_Shiru:
Malam wallahi kamar da ni kake. Bari in tona wa kaina asiri

A guruf ni zaki ne mai gurnani,
Ranar intabiyu aka tambaye ni,
Sunana ma sai da ya kuɓuce mini,
Gumi ya jiƙa riga kowa na gani.

kuma na san amsoshin fa duka, da rubutawa aka ce in yi da na cinye, bakin ne kawai ya ƙi buɗuwa. Meye maganin?

Tsohon_Malami:
Ɗana ba ciwo ba ne, rashin yi ne.

Wuƙa in an ajiye sai ta dakushe,
Harshe ma sai ana wasa shi kullum yaushe,
In ka zauna da mutum sa wayar a kashe,
Bar shi ya kai aya kar ka katse.

Wanda za ka tura wa saƙo kira shi,
Maƙwabcinka tsaya ka gaishe shi,
Tambaya ɗaya tak ka jefa mishi,
In ka yi in-ina ci gaba, ba a mutuwa.

'Yar_Auta:
Malam "kullum yaushe" ɗin nan dai don amsa-amo ya zauna aka cusa shi, mun gani lol. Amma na karɓi na kiran.

Tsohon_Malami:
Kin kama ni ɗiyata, tsufa ne.

Shiru_Shiru:
Na dawo da rahoto, na gwada yau da safe

Na tsai da maƙwabci na gaida shi,
Ya ce lafiya dai? mamaki ya cika shi,
Ashe ma ban san sunan shi ba sai da na tambaye shi,
Minti goma muna tsaye, ni ne na fara gudu.

gobe zan koma Malam, amma me zan ce masa kuma? tambayata ɗayar na riga na kashe ta