In canza na'urar faifan laftof ɗina, ko in haƙura da ita?

Ɗan Aji Uku: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Laftof ɗina ta kai shekara takwas a hannuna, kuma na'urar faifanta ta fara gardama. In na sa DVD sai ta yi ta gurnani, can ta tofo shi. CD kuwa tana karantawa lafiya lau. Na ga akwai irin wadda ke karanta Blu-ray, faifan nan da ya fi DVD ɗaukar kaya da kyan hoto, sai na ce ko in ƙara kuɗi in sa ta a huta. Kwalliya za ta biya kuɗin sabulu kuwa?

Mai Sukundireba: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka taɓa aljihu, buɗe farantin ka goge ɗan idon gilashin nan a hankali da auduga mai tsabta, kada ka danna. Sau da yawa ƙura ce kawai. In ka goge bai yi ba, to hasken da ke karanta DVD ne ya gaji. Cikin na'urar hasken CD daban, na DVD daban, shi ya sa ɗaya ke mutuwa ɗaya na aiki. Wannan ba ya gyaruwa, sai canji.

Anti Malama: Ni tambaya ɗaya gare ni. Faifai nawa ka sa a cikinta daga farkon shekara zuwa yau? Faɗi tsakaninka da Allah.

Ɗan Aji Uku: Anti, kin kama ni. Ba su wuce uku ba.

Anti Malama: To ka gani. Faifai uku, kana maganar Blu-ray. Kana ma da faifan Blu-ray ko ɗaya a ɗaka?

Mai Sukundireba: Bari in ƙara kan maganar Anti, don mutane da yawa sun faɗa wannan ramin. Sa na'urar Blu-ray ba shi ne kallon fim ba. Faifan finafinan a kulle suke, kuma Windows ba ta zuwa da manhajar buɗe su, sai ka sayi wata daban. Kai, ko DVD ma tun Windows 8 a 2012 Microsoft ta cire kunna shi daga cikin tsarin, shi ya sa kowa ya koma manhajar kunna bidiyo ta VLC. Sannan duba allonka. Fim ɗin Blu-ray ɗigon hotonsa 1920 a kwance da 1080 a tsaye ne, laftof da yawa na wancan zamanin kuwa 1366 da 768 ne allonsu. Ka biya kuɗin kyan hoton da idonka ba zai taɓa gani ba.

Baba Mai Ajiya: Ku dakata yara, kada ku binne faifai da ransa. Ni duk wata sai na ƙona hotuna da takardun aiki a faifai na adana. DVD na ɗaukar gigabait 4.7, mai hawa biyu 8.5, shi kuwa Blu-ray 25, mai hawa biyu 50. Abin da ka ƙona a faifan da ba a sake rubutawa ya zauna ke nan, babu ƙwayar cutar kwamfuta da za ta shiga ta goge shi. Filasha ta taɓa cin amanata, na wayi gari ta ce a yi mata fomat, hotunan shekara biyu suka tafi. Tun ranar ban ƙara ba ta amana ita kaɗai ba.

Mai Sukundireba: Gaskiyarka Baba, mai irin aikinka ya sa, babu asara. Amma shi yaron nan faifai uku ya sa a shekara.

Baba Mai Ajiya: Haka ne. Ni dai na ce kada a raina tsohon hannu.

Sarkin Zafin Nama: Ni tawa na cire ta ɗungurungum, kuma ban taɓa nadama ba. Akwai wani ɗan akwati mai siffar na'urar faifan, masu gyara na ce masa kadi, kana zura rumbun ajiya a ciki ka mayar da shi gurbin. Na sa SSD, wato sabon irin rumbun ajiya mai sauri, a mazaunin tsohon rumbun, shi kuma tsohon na mayar da shi cikin kadi yana riƙe mini bidiyo. Kwamfutar da a da sai na kunna ta na tafi wata hidima na dawo, yanzu kafin in gyara zama ta buɗe. In kuɗin nan zai fita dole, nan ya kamata ya tafi.

Ɗan Aji Uku: Yaya, me ya sa ba ka sa SSD ɗin a cikin kadin kai tsaye ba? Ai ya fi sauƙi.

Sarkin Zafin Nama: Saboda a wasu laftof mahaɗin gurbin faifai bai kai na babban gurbi gudu ba. Faifai ba ya buƙatar sauri, don haka masu ƙerawa ba su damu da wajen ba. Ka ba SSD wuri mai kyau. Kuma ka auna kaurin taka kafin ka saya, akwai mai milimita 12.7, akwai mai 9.5. Na farkon da na saya kauri ya yi masa yawa, ya ƙi shiga, sai da na sake wani. Yawanci sukuru ɗaya ne a ƙasa ke riƙe da ita. Murfin gaban tsohuwar kuma cire shi a hankali ka manna wa kadin, haƙoransa roba ne, ba wuya sun karye.

Anti Malama: Ranar da faifai ya zo hannunka kuma, ga na'urar waje mai igiyar USB. Tawa tana cikin durowa, mu huɗu ke amfani da ita a gida. Tun 2008 Apple ta fito da MacBook Air babu gurbin faifai, yanzu kuwa sai ka sha nema kafin ka ga sabuwar laftof mai shi. Ta ciki in ka saya, ranar da ka sauya kwamfuta ka bar ta a nan. Ta waje kuwa tana bin ka.

Mai Sukundireba: Ƙarin bayani kan ta waje: in ta yi ta ƙyas-ƙyas ba ta juya ba, wuta ce ba ta ishe ta ba. USB 2.0 miliamfa 500 yake bayarwa, USB 3.0 kuma 900. Soka ta a kafa mai launin shuɗi, wato ta USB 3.0, ko ka nemi mai igiya mai kai biyu.

Ɗan Aji Uku: To in zan sake ɗora Windows fa? Da faifai na saba.

Sarkin Zafin Nama: Filasha mai gigabait 8 ta isa. Windows 11 ma ta fi ƙarfin DVD mai hawa ɗaya.

Ɗan Aji Uku: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na goge idon, har yanzu tofo DVD take yi. Na kwance sukurun na zaro ta na auna, 9.5 ce. Zan nemi kadi da SSD. Baba, in na tashi ƙona hotunana sai na zo aron taka.

Baba Mai Ajiya: Ka zo da faifanka dai, nawa a ƙirge suke.